Yadda ake sa yaro ya buɗe labari

Ɗana, ka ce ka ba 'yan aji huɗu aikin buɗe labari da siffantawa, da ka karɓi littattafai sai ka tarar kusan kowa ya fara da "Wata rana akwai wani yaro", daga nan sai "kyakkyawa" da "babba". Kana tambaya ko ka jera musu sifofi a allo su haddace. Kada ka soma. In ka yi, gobe za su kawo maka "wani kyakkyawan dogon farin ƙaton gida", gidan da ko mai rubutun bai taɓa gani ba.

Yaran nan ba kalmomi suka rasa ba. In an tashi tara, tsaya kusa da su ka ji yadda ake ba da labarin faɗan bakin famfo: "Ta ɗauke ta da mari tas, bokiti ya kife, wuri ya yi tsit!" Da ka ce a rubuta, duk wannan sai ya gudu, don a zatonsu maganar gida ba ta shiga takarda. To, baki za ka fara sa wa aiki, fensir ya jira.

Yanzu ga hunturu ya kama. Fito da su filin makaranta da safe, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce maka "akwai sanyi", kada ka ƙyale shi, tambaye shi a ina ya ji. Zai ce leɓensa ya tsage, ko kaushi ya fasa masa dunduniya. Wata ta ce hancinta ya jiyo hayaƙin mai shayi da ƙamshin ƙosai. Wani ya ce hazo ya yi yawa har bai hango Hasumiyar Gobarau ba da zai taho. Ku koma aji ka rubuta a allo yadda suka faɗa, da "fari fat" ɗinsu da "baƙi ƙirin" ɗinsu, kada ka gyara musu zuwa Hausar rediyo. In ajin ya cika maƙil, kowane benci ya kawo jimla ɗaya.

Amma ka sa iyaka. Jimla uku ta siffantawa ta isa, a ta huɗu dole wani ya motsa: a buga ƙofa, ko akuya ta tsinke. Yaro in ya ɗanɗana daɗin siffantawa, sai ya cika shafi da bishiya da gajimare, labari ko oho.

Ni nakan gwada su da labarin rijiyar Kusugu ta Daura, tunda duk sun san maciji ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Sai in ce su fara daga ranar Alhamis da yamma, a gidan da randa ta ƙafe, kuma ban yarda a ambaci maciji a layukan farko ba. Nan za ka ga mai kai. Wata za ta rubuta cewa moɗa tana kankarar gindin randa, ƙanenta yana kuka ba hawaye.

"Ga ta nan, ga ta nanku" kuwa, bar musu kayansu a tatsuniyar baka. Sai dai ka nuna musu cewa a can akwai masu amsa "Ta zo mu ji ta", a takarda kuwa ba mai amsawa, jimlar farko ce za ta riƙo mai karatu.

Wajen duba aiki, ajiye jan biro tukuna. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ da raba kalmomi a ware musu nasu darasin. A karon farko, karanta wasu a bayyane ba tare da faɗin suna ba, ka tambayi aji me suka gani. In sun ce ba komai, mai shi ya ji da kunnensa.

Kuma ka goge allo kafin su fara rubutu, in ba haka ba jimlarka za ka karɓa daga kowane littafi.