Ku Tambaya Mu Amsa: Wai su waye masu ra'ayin riƙau ɗin nan?

Assalamu alaikum masu karatu, ya sanyin Jos? Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, kamar an haɗa baki, shi ya sa na ajiye tambayoyin aure da na neman aiki sai wani makon. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kullum in na kunna BBC ko DW sai in ji ana cewa masu ra'ayin riƙau sun ci zaɓe a ƙasa kaza ko masu ra'ayin mazan jiya sun sha kaye, kuma a guruf ɗinmu na WhatsApp akwai wani abokina da yake kiran kansa kwanzabatif amma wallahi shi ya fi kowa zagin gwamnati a kan cire tallafin mai. Wai meye ma'anar abun ne, kuma muna da su a Najeriya?
Daga wani ɗalibi, Anguwar Rogo

AMSA: Ƙanina, abokinka bai ruɗe ba, kalmar ce take da fuska biyu. Asalin ra'ayin riƙau hali ne kafin ya zama jam'iyya, halin mutumin da yake ganin abin da aka gada, addini ne ko sarauta ko tsarin gida ko yadda ake ciniki a kasuwa, ba banza aka yi shi ba, don haka kar a yi gaggawar rushe shi don kawai wani ya dawo daga makaranta da sabon tunani. Mu nan da muke cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ai ra'ayin riƙau ne tsantsa, ba sai Bature ya koya mana ba.

Amma a Ingila da Amurka sai aka ɗora wa kalmar wani kaya daban, musamman tun zamanin Margaret Thatcher da ta hau a 1979 da Ronald Reagan da ya hau a 1981. A wurinsu mai ra'ayin riƙau shi ne mai cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, a rage haraji, a sayar da kamfanonin gwamnati, kowa tasa ta fisshe shi. Toh ka ga inda matsalar take, Bahaushe mai riƙo da al'ada yana so sarki ya ci gaba da daraja, yana so yaro ya durƙusa ya gaida babba, amma fa yana so gwamnati ta sa hannu a taki da kujerar Makka da farashin mai, don a tunaninmu shugaba uba ne kuma uba ba ya cewa 'ya'yansa su je kasuwa ta yi musu hukunci. Abokinka irin wannan ne.

Mun taɓa yin siyasa mai ɓangare biyu na gaske a Arewa. NPC ta Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa ta jingina da sarakuna da hukumar En'e, tana cewa a bi a hankali, NEPU ta Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950 kuma tana cewa talakawa sun gaji da jira. A 1979 aka sake irin wannan tsakanin NPN da PRP, har Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, mu nan Filato kuma aka bi NPP ta Solomon Lar. A lokacin in mutum ya faɗi jam'iyyarsa ka san abin da ya yarda da shi. Yanzu fa? Mutum ya kwana a PDP ya tashi a APC, hula kawai ya canja. A zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi dukkansu sun yi alƙawarin cire tallafin mai, to a cikinsu waye na riƙau waye na sauyi? Masu ra'ayin riƙau muna da su cike da masallatai da coci-coci da majalisun unguwa, jam'iyya ce dai ba su da ita.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni kayan gwari nake sayarwa a Farin Gada, tumatir da kabeji da karas. Ɗana ya gama digiri a fannin tattalin arziki, kullum muna musu da shi a gida, shi wai cire tallafi daidai ne, wai kasuwa ce ya kamata ta yanka farashi ba gwamnati ba, wai haka masu hankali suke yi a duniya. Ni kuma abin da na sani kuɗin mota ya cinye ribata. Don Allah raba mu, waye mai gaskiya?
Daga wani magidanci, Farin Gada

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kada ka yi wa yaron nan faɗa, akwai gaskiya a bakinsa, bari in fara da ita.

A 2022 kaɗai abin da aka ce an kashe a tallafin mai ya haura naira tiriliyan 4, kuma har bashi ake ci don biyansa. Wa ya fi morewa? Mai motoci biyar a Maitama ya fi mai babur ɗaya a Rikkos shan tallafin nesa ba kusa ba, ga masu fasa-ƙwauri da suke kwasar man suna kaiwa Nijar da Kamaru da Benin don can ya fi tsada, ga matatunmu na Kaduna da Warri da Fatakwal da aka yi ta zuba musu kuɗin gyara shekara da shekaru ba su tace abin kirki ba, sai ga ɗan kasuwa ɗaya, Ɗangote, ya gina tasa a Legas mai ƙarfin ganga 650,000 a rana. Wannan ita ce hujjar ɗanka, cewa abin da ba na kowa ba ne ba wanda yake tattalinsa. Kai ma ka sani, in ka bar wa yaran shago rumfarka wata ɗaya ba ka leƙa ba ka san abin da za ka tarar.

Inda na rabu da shi shi ne yadda aka yi abun. Ranar 29 ga Mayu 2023 a wurin rantsuwa shugaban ƙasa ya ce tallafi ya tafi, kafin a watse daga Dandalin Eagle gidajen mai sun fara rufe ƙofa, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Ba a gama jin zafin wannan ba a watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai Yulin 2024 aka ɗaga shi daga 30,000 zuwa 70,000, sama da shekara ɗaya ana gasa mutane, kuma kai da ba ma'aikacin gwamnati ba ko wannan ɗin bai shafe ka ba. Wannan ba aikin mai ra'ayin riƙau ba ne ko kaɗan, in dai da ma'anar da na faɗa wa ɗalibin can a sama. Mai riƙau na gaske tsoron gaggawa yake yi, zai ce a tanadi motocin haya masu sauƙi tukuna, a gyara layin dogo, a cire kashi-kashi ana duba yadda jikin mutane yake ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba wai ba mu da darasi ba, mun ga SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, a 1986, mun ga Janairun 2012 da Jonathan ya ɗaga lita daga 65 zuwa 141 ƙasa ta tsaya cak har ya sauko 97.

Kwanaki na shigo kasuwarku da sassafe sayen kayan miya, na tsaya gefen wata mota da ake lodin kwandunan tumatir, direba da dillali suna ta cacar baki a kan kuɗin mota, wani dattijo mai kaya yana tsugune yana lissafi da tsinke a ƙasa, ya zana ya goge ya sake zanawa, can ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce a sauke masa kwando huɗu zai sayar a nan ko da faɗuwa. Tumatir ba ya jiran kasuwa ta daidaita kanta, kwana biyu ya ruɓe. Wannan ne littafin ɗanka bai cika faɗa ba.

Sai tambayar da ya kamata ku haɗu ku biyu ku yi maimakon musu da juna. Tun da aka cire tallafin kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya duk wata ya ƙaru sosai, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ina kuɗin? In rijiya ta bayar guga ya hana, ai ba rijiyar za a yi ta zagi ba. Kuma wanda yake wa'azin gwamnati ta rage kashe kuɗi ya fara da ayarin motocinsa da tafiye-tafiyensa, ba da kuɗin motar mai kabeji ba. Ka ce wa yaron na ba shi rabin gaskiya, ya zo rumfa ya yini sau ɗaya ya karɓi sauran rabin.

TAMBAYA: Malam ni ina ganin su Trump da Kemi Badenoch sun fi mana, tunda suna kare aure da iyali kuma ba sa goyon bayan baɗala. Ko ba haka ba?
Daga wata uwa, Bukuru

AMSA: Hajiya, a kan tarbiyya za ki iya samun inda bakinku ya zo ɗaya, ban musa ba. Amma riƙau ɗinsu na ƙasarsu ne, abin da suke son riƙewa ba mu a ciki. Gwamnatin jam'iyyar Conservative ce a Janairun 2024 ta hana yawancin ɗaliban waje kai iyalansu Birtaniya, kuma 'yan Najeriya suna cikin waɗanda abin ya fi duka. Ita Kemi da ta zama shugabar jam'iyyar a Nuwamban 2024, a Legas ta tashi amma ba ta ɓoye irin kallon da take yi wa Najeriya, balle mu 'yan Arewa. Trump kuma da dawowarsa a 2025 ya rushe hukumar USAID da take tallafa wa asibitoci da magunguna a nan. Ki yaba abin da ya dace da tarbiyyarki, amma kada ki ɗauka dangi kika samu.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon malamin makaranta ne. Na daina sauraron labarai gaba ɗaya, 'yan jaridar yanzu duk maƙaryata ne, na gida an saye su na waje kuma suna da manufa a kan addininmu da al'adunmu. Jikokina ne suke karanto mini abin da ke Facebook, na ga ma ya fi gaskiya. Me ka ce?
Daga wani dattijo, Gangare

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma cikin waɗanda ka zaga nake, amma na karɓa, don ba ƙarya ka yi duka ba. Na taɓa aiki a wani gidan jarida da aka cire labarina daga shafi ana dab da bugawa saboda wanda labarin ya shafa shi ne mai ba mu talla mafi tsoka, edita ko kallona bai iya yi ba ranar. Ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai ma gaskiya ne, wanda ya ce babu bai yi aikin ba. Mu mutanen Jos kuma mun fi kowa sanin zafin alƙalami, daga rikicin Satumban 2001 zuwa na 2008 da na 2010, sau nawa muka ga jarida ta ƙirga gawar ɓangare ɗaya ta manta da ta ɗayan, wanda ya rubuta labarin ma bai san hanyar Dilimi ba.

Wannan ƙorafin naka irinsa masu ra'ayin riƙau na Amurka suke yi, cewa manyan kafafe irin su CNN sun karkata. Sai suka rungumi nasu, Fox News, ita kuma a 2023 ta biya wani kamfanin na'urorin zaɓe sama da dala miliyan 787 don a kashe ƙarar da ya kai ta a kan ƙaryar maguɗin zaɓen 2020. Kowane ɓangare yana da nasa maroƙan. Kuma a Maris ɗin 2025 da Trump ya sa hannu a takardar da ta tsayar da Muryar Amurka, Sashen Hausa ya ɗauke ɗif, na san dattawa da yawa masu zaginsa kullum da suka yi ta murɗa rediyo da asuba suna nema.

Amma Baba, Facebook fa? Nan ne ban bi ka ba. Gidan jarida ko ya lalace yana da adireshi, yana da edita mai suna, za ka iya kai shi kotu, gidan rediyo kuma yana tsoron NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Yaron da yake fostin daga ɗakinsa yana neman mabiya ba ya tsoron kowa, hoton wata ƙasa na shekara goma zai ɗauko ya ce Mangu ne jiya da daddare, kafin azahar an rufe shaguna a Taminus. Ku da kuka tashi da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Rediyon Kaduna, ku ne kuka koya mana cewa ba a ɗaukar magana sai an san wa ya faɗa kuma a wurin wa ya ji, haka malaman hadisi ma suka yi. In akwai abin da ya cancanci a riƙe da kyau a zamanin nan to wannan ne.

Shawarata ka dawo da rediyonka. Ka ji BBC da safe, ka ji DW ko RFI da yamma, ka ji na jiha, jikokin su karanto maka Aminiya, inda suka saɓa wa juna nan ne za ka san akwai abin da wani yake ɓoyewa. In kuma sun kawo maka na Facebook ka tambaye su irin tambayar da kake yi wa ɗalibi a aji in ya kawo amsa babu aiki, a ina ka samo? In batir ne matsalar ka aiko jikan ofishinmu, ni zan saya.