Raba folda ko yin tarayya a kanta?

Wani mai karatu daga Zariya, wanda ke kula da kwamfutocin wata makaranta, ya rubuto cewa: "Malam, na kafa saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ɗauko fayiloli daga gare ta) a ofis, na buɗe folda guda da malamai duka za su riƙa shiga daga kwamfutocinsu. Da na ce musu na raba folda, sai wani dattijo ya tambaye ni ina nasa kason. Wace kalma ya kamata in yi amfani da ita?"

Malam, dattijon nan ya fi ka gaskiya, kuma tambayarsa ta yi mini daɗi ƙwarai. A Hausa, abin da aka raba ya tashi daga zama ɗaya. Ana raba gado, ana raba naman layya, ana raba faɗa, har a ce wane da wane sun raba gari. Kowa ya ɗauki nasa ya kama gabansa. Foldarka kuwa tana nan guda ɗaya a kan saba, kowa na zuwa ya same ta a inda take. Wannan tarayya ce. Ka lura da ƙarshen kalmar: ɗafin -ayya yakan nuna aikin da ke tsakanin mutum biyu ko fiye, kamar soyayya, ƙiyayya da jayayya. Don haka ka ce musu "foldar tarayya", ko "mun yi tarayya a folda ɗaya".

Idan kana so su fahimci tsarin gaba ɗaya, ka ara daga gona. Gandu na gida ne duka, kowa yana nome shi, kowa yana ci daga rumbunsa, amma mai gida ke riƙe da ikonsa. Gayauna kuwa ɗan fegi ne da ake yankar wa mutum, amfaninta nasa ne shi kaɗai. Foldar tarayya gandu ce, foldar kowane malami gayaunarsa ce. Dattijon da ya tashi a ƙauye ba zai buƙaci ƙarin bayani ba.

Ka kuma tambayi karin maganar da ta dace da izinin karatu kawai, wato a bar mutum ya buɗe fayil ya duba ba tare da ya iya canza komai ba. Hausawa sun riga sun yi maka ita: gani ba ci ba. A tsarin NFS, wato hanyar yin tarayya a folda tsakanin kwamfutoci, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, ana rubuta sunan foldar a fayil ɗin /etc/exports, a sa mata ro idan gani kawai aka yarda a yi, ko rw idan har da rubutu da gogewa. Idan kwamfutocin malaman Windows ne, manhajar Samba za ka nema, a fayil ɗinta na smb.conf kuma ake faɗin wanda zai shiga da iyakar abin da zai taɓa. Jadawalin darussa ya zauna a gani ba ci ba. Foldar sakamakon jarrabawa kuwa, in ka buɗe wa kowa ƙofar rubutu a cikinta, ka ba kura ajiyar nama.

Akwai wani saiti na NFS da nake so ka bar shi yadda ka same shi, wato root_squash. Aikinsa shi ne, mai cikakken iko a wata kwamfuta, in ya shigo sabarka, a sauke masa rawani a ɗauke shi baƙo marar muƙami. Mai gidan maƙwabta ba ya buɗe rumbun gandunku don kawai shi ma mai gida ne.