Yaya Ake Auna Tunanin da Ido Ba Ya Gani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Zariya. Na ji ana cewa akwai masanan da ke auna tunani. To, abin da ke cikin kai ai ba a ganinsa, ta yaya za a auna shi? Kuma akwai gwajin da zan iya yi da ɗalibaina ba tare da kayan aiki masu tsada ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiyarki, tunani ba ya ganuwa. Amma yana cin lokaci, kuma yana yin kuskure, waɗannan biyun kuwa ana iya ƙirga su. A kan haka aka gina reshen ilimin halayyar ɗan Adam da ke nazarin tunani, tuna abu da mai da hankali.

Likita ɗan ƙasar Holan, Franciscus Donders, shi ya fara nuna hanyar a 1868. Ya auna lokacin da mutum ke ɗauka ya amsa alama guda ɗaya, sannan ya auna lokacin idan alamun biyu ne, dole sai ya tantance wacce ta zo. Ya debe na farko daga na biyu, abin da ya rage ya ce shi ne lokacin tantancewa da zaɓi. Dabarar tana da rauni: ta ɗauka cewa ƙara mataki ɗaya ba ya canza sauran matakan, alhali sau da yawa yana canza su. Duk da haka har yau ana aiki da jikokinta.

A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus. A wancan zamani an dogara sosai ga tambayar mutum abin da yake ji a ransa, sai aka rasa mai raba gardama in ɗakunan gwaji biyu suka saɓa. Shi ya sa John Watson ya fito a Amurka a 1913 ya ce a bar zancen zuci, a tsaya ga ɗabi'ar da ido ke gani. Wannan ra'ayi ya yi sarauta shekara arba'in. Kwamfuta ce ta taimaka aka dawo da tunani fagen bincike, don ta nuna ana iya bayanin abin da ke faruwa a ciki mataki-mataki. George Miller ya rubuta a 1956 cewa mutum na riƙe abubuwa kusan bakwai a lokaci guda (binciken baya-bayan nan ya sauko da shi wajen huɗu), Ulric Neisser kuma ya fitar da littafinsa "Cognitive Psychology" a 1967, wanda ya yaɗa wannan suna a matsayin sunan fannin.

Gwajin da muka fi ba ki shawara shi ne na John Ridley Stroop na 1935. Ki samo kwali biyu da alƙaluma huɗu: ja, baƙi, kore, shuɗi. A kwali na farko ki zana ƙananan akwatuna 40 masu launi. A na biyu ki rubuta sunayen launukan sau 40, amma kowace kalma da tawadar da ba tata ba, misali "JA" da koren alƙalami. Ɗalibi zai faɗi launin tawada da ƙarfi, ke kuma ki riƙe agogon waya, wani ya ƙirga kurakurai. A gwajin Stroop kansa, akwatuna 100 sun ci kimanin sakan 63, kalmomi 100 kuma sakan 110. Dalili shi ne karatu ya zama jiki ga wanda ya ƙware. Kafin ya faɗi "kore", bakinsa ya riga ya nufi "ja", sai ya danne.

Inda ake ɓata shi kuwa da yawa. In kowa ya fara da akwatuna, ba za ki san ko gajiya ko sabo ne ya kawo bambancin ba, don haka rabin aji su fara da kwali na biyu. Ku daidaita sunayen launi tun farko, domin wani "bulu" zai ce maimakon "shuɗi", wani "tsanwa" maimakon "kore", wannan jinkirin kuma ba na gwajin ba ne. Yaron da karatun boko bai zauna masa ba, zai nuna ɗan bambanci kaɗan, tunda kalmar ba ta ja shi ba. Kada a ɗauka ya fi kowa kaifin hankali. Akwai masu makantar launi, galibi maza, da ke rikita ja da kore, ki gwada kowa da akwati huɗu kafin a fara. Sannan ki lura da masu ƙanƙance ido don rubutun ya dusashe, ko masu rufe rabin kalma da yatsa. Ki haɗa sakamakon ɗalibai ashirin ko fiye, ki fitar da matsakaicin lokaci na kowane kwali kafin ki kwatanta.