"Mai riƙo shi ke ciyarwa": gaskiya ne in na kai shi jistis zan rasa ɗiyana?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar unguwar Zariya ce a nan Maraɗi. Wata 14 ke nan da mijina ya sake ni. Ɗiyanmu 3: babban namiji ne, shekararsa 8, mai bi masa mace ce mai shekara 4, autan kuma ban yaye shi ba tukuna. Tun da na gama idda sau 2 ya aiko, jika 5 da ƙaramar salla, sai tiya 4 ta hatsi. Ɗan kasuwa ne, yana da shago, har ya ƙara aure. In na aika masa sai ya ce mai riƙo shi ke ciyarwa, in na gaji in kawo masa ɗiyansa. Kawuna ya ce in na kai shi jistis za a amshe mini yaran, tun da babban ya wuce shekara 7. Wani kuma ya ce in ba shi jika 30, ya san hanya. Ƙosai nake toyawa muke ci, ga yarinyar kullum zazzaɓi. Ba ni barci, Malam. Gaskiya ne zan rasa su?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yarinya lafiya. Neman ciyarwa ba ya sa a amshe wa uwa ɗiyanta. Abin da zai iya faruwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, shi ne ranar da ya ga sammaci ya ce shi ma yana neman riƙo. Maza da yawa haka suke yi. To wannan wata magana ce daban, alƙali zai dube ta daban, zai tambayi inda yaran suke kwana tun ranar saki, wa ke kai su lakwal, wa ke kwana da su a gidan likita, wa zai riƙe su a can in an mayar. Uban da ya yi wata 14 bai san kuɗin sabulunsu ba, ba da hujja mai ƙarfi zai shiga ba.

Wannan maganar da ya gaya miki kuwa, ita ce nake ji kusan kullum, har ta ishe ni. "Mai riƙo shi ke ciyarwa." Na ji ta a bakin ƴan kasuwa, na ji ta a bakin ma'aikata masu albashi, na ji ta a bakin dattawan da aka kira sulhu, abin da ya fi ci mini rai na ji ta a bakin mata da kansu, suna faɗa wa ƴaƴansu da aka sako. An maimaita ta har ta yi kama da hadisi. Ba hadisi ba ce, ba aya ba ce, ba ta cikin kowace dokar Nijar. Magana ce da masu gudun nauyi suka ƙera, don ta mayar da yunwar yaro igiyar da za a ja uwarsa da ita.

Riƙo dabam, ciyarwa dabam. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda babu zauren karatun da ba a karanta shi a garin nan, ya raba su sarai. Wajen ciyarwa ya ce tana kan uba ga ƴaƴansa ƙanana da ba su da dukiyar kansu: namiji har ya balaga, in ba shi da wata naƙasa, mace kuma har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Wajen riƙo bayan saki ya ce na uwa ne, shi ma har namiji ya balaga, mace ta tare gidan miji. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa. Ki duba da kyau: littafi ɗaya ya ajiye yaro a ɗakin uwa, ya kuma ajiye buhun hatsinsa a wuyan uba, a lokaci guda. To ina aka samo cewa sai yaro ya kwana a gidanka za ka ci da shi?

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan wanda aka haifar wa ɗan. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda maganar matan da aka saki take yi, ta ce in sun shayar muku ku ba su ladarsu. Ke da kike goyon auta yanzu, ban da abincin yaran, ke kanki kina da haƙƙin shayarwa a kansa. Aya ta 7 ta kawo ma'auni: mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ko talaka ba a ce ya naɗe hannu ba, balle mai shago da ya sami kuɗin sadaki da na lefe. Kuma lokacin da Hindu ƴar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce mata ta yi haƙuri ta rufa asirin gida ba. Cewa ya yi ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon abin da aka sani.

Ina nanata wannan ne don na ga abin da maganar nan take haifarwa. Uwa ta yi wata 6 tana fama, jari ya karye, iyayenta su fara ƙorafin baki ya yi yawa a gida, sai ta ɗauki yaro ɗan shekara 2 da aka cire daga nono jiya ta kai shi gidan uba. Uban kuwa da ma ba riƙon yake so ba, so yake ya ci nasara a gardama. Da safe ya fita kasuwa, ya bar wa amarya yaron da ba ta nema ba. Bayan wata kaɗan a tura namijin almajirci, macen a ɗora mata faranti. Na ga jaririn da aka mayar wa uwarsa da ƙafafu a kumbure saboda tamowa, daga gidan da ake dafa shinkafa kullum. Duk dattijon da ya zauna a zaure ya ce wa mace "ki kai masa abinsa ki huta", ya san yana da hannu a irin wannan.

Ƙannen wannan magana su ma suna nan. Wai in uwa ta yi aure ciyarwa ta faɗi. Ba ta faɗi ba, mijin uwa ba shi ya haifa ba. Wai in ita ta nemi sakin to ta ɗauki nauyi. Rigimar miji da mata ba ta taɓa cikin yaro. Wai in tana sana'a ai tana da shi. Kuɗin ƙosanki naki ne, abin da kike kashewa a kansu alheri ne kike yi, bai sauke wa ubansu farilla ba. Don haka ko a wajen sulhu aka matsa miki, kar ki ce "na yafe". Abincin yaran ne, ba naki ba ne da za ki yafe.

Sai shekara 7 ɗin da kawu ya tsorata ki da ita. Al'ada ce, tana nan, kuma ana faɗinta a gaban alƙalai. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali, an gwada kawo shi ba sau ɗaya ba bai wuce ba. Shi ya sa dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, suka ce a sha'anin aure da saki da dangantaka da gado a yi wa mutane hukunci da al'adarsu, alƙali ya zauna tare da masu ba shi shawara kan al'ada. Amma dokar ta sa sharaɗi: kar al'adar ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta amince da su. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta sa maslahar yaro gaba da komai, kuma sashenta na 27 ya ɗora wa hukuma ta tabbatar an karɓo wa yaro kuɗin ciyarwa daga iyayensa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Afirka kuma, a sashe na 18, ta ce ba a hana yaro ciyarwa saboda halin da auren iyayensa yake ciki. Shekara 7 ba ƙararrawa ba ce da za ta kaɗa a zo a ɗauke yaro. Kuma ko da a ce an ba uban babban, ragowar 2 fa? Ciyarwarsu tana nan a wuyansa.

Abin yi ba shi da tsawo. Ki fara da sulhu, wajen mai unguwa ko fada ko malaman da aka san su da wannan aiki, don doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa. Amma ki ƙi tashi sai an rubuta: nawa, ko tiya nawa, ranar nawa ga wata, ta hannun wa, wa ke biyan magani da kayan lakwal da ɗinkin salla. "Zan riƙa aikowa in Allah ya hore" ba yarjejeniya ba ce. In ya ƙi zuwa ko ya karya, ki tafi kotu da takardar saki, takardun haihuwar yaran, takardun magani da na makaranta, da mutum 2 da suka san shagonsa da halin da kuke ciki. In sakin ba a taɓa rubuta shi a gaban alƙali ba, ki nemi a rubuta, a nan ne ake yanke maganar riƙo da ta ciyarwa. Babu wani adadi da aka kafa wa kowa, alƙali yana auna buƙatar yaran da ƙarfin uban, shi ya sa shaida kan abin da yake samu ta fi kuka amfani. Da hukunci a hannunki ana iya tilasta masa: mai albashi a yanka daga albashinsa, ɗan kasuwa a kama kayansa ta hannun jami'in zartar da hukunci. Dokar hukunta laifuka ma ta ɗauki watsi da iyali a matsayin laifi.

Kar ki ƙara jira. Malaman Malikiyya sun ce ciyarwar ɗa da ta wuce tana faɗuwa daga kan uba in babu hukuncin alƙali a kanta, sai fa in wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Kowane wata da kika yi shiru saboda kunya, kina sauƙaƙa masa ne. Daga yau ki gaya wa shaidu cewa abin da kike kashewa bashi ne a kansa, ki riƙa rubutawa.

Mai jika 30 kuma, kar ki ba shi ko dala. Irinsu suna nan a bakin ofisoshi da tsohuwar jaka a hammata, ba lauyoyi ba, ba magatakarda ba, abincinsu tsoron matan da ba su taɓa shiga ba. Za ki ba shi, ya ce fayil ya ɓata, ya nemi ƙari. Na sani wani lokaci a ce miki je ki dawo har ki gaji, nan ma abin yana ƙona mini rai, amma maganinsa ba ɗan kamasho ba ne. Tun 2011 akwai hukumar ƙasa ta taimakon shari'a, ANAJJ, da ofisoshi a manyan kotuna, aikinta wayar da kai kyauta da taimaka wa marasa ƙarfi. Ki tambaye ta da sunanta. Duk abin da za ki biya kuma, a ba ki rasit.

Kawu na san tsoro ne ya sa shi magana, yana gudun a ce ƴarsu ta kai uban ɗiyanta ƙara. To in da gaske kunyar yake ji, ya sa rigarsa ya tafi shagon nan da kansa, ya tuna wa mutumin hadisin da ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa take wuyansa. Ku kuma iyaye maza da ke karanta wannan, ku ji tsoron Allah. Ana ganinku a sahun gaba, ana jin sunanku a wajen gudummawar masallaci, ana ganin ragonku da babbar salla, alhali ɗan da aka raɗa wa suna a zaurenku ya kwana da ruwan hura a wata unguwa. Matar kuka saki. Yaron sunanku yake amsawa, shi zai gaje ku, shi kuke jira ya yi muku addu'a bayan an rufe ku.

Ƙanwata, kafin duk wannan, gobe da safe ki kai yarinyar likita a yi mata gwajin zazzaɓin. Tun 2006 tsarin ƙasa ya ce yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ake duba su a likitocin gwamnati. In an rubuta miki maganin da sai kin saya a waje, ki adana takardar da rasit ɗin, ki sa su cikin leda ɗaya da takardun haihuwa.