Bindigar Gado: Ya Halatta In Sayar wa Mutumin da Ban Gani Ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Mahaifinmu ya rasu wata bakwai da suka wuce a nan Gusau. Cikin abin da ya bari akwai bindiga mai baki biyu da yake farauta da ita tun muna yara. Yana da lasisinta, takardar ma tana hannuna. Mu tara ne, ni ne babba, uku ba su balaga ba. Wani dillali ya zo ya ce akwai manomi a wani ƙauye da 'yan bindiga suka matsa wa lamba, yana so ya saya don kare iyalinsa. Abin da ya taya ya kusa ninka kuɗin da masana harkar suka ce za ta yi, har ya ba ni kafin alƙalami. Sharaɗinsa kada a rubuta komai, kuma mai sayen ba zai zo ba saboda hanya ba ta da kyau. Muna bukatar kuɗin don makarantar ƙannena. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce bindiga dukiya ce kamar wuƙa ko adda, Imamu Shafi'i ma bai ɓata cinikin takobi ba, kuma abin da mai saye ya aikata shi zai ɗauka. Ya halatta in sayar?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya taya ka riƙon marayun nan.

Ɗana, wannan cinikin bai halatta ba. Ka mayar wa dillalin kuɗinsa kafin ka taɓa ko sisi a ciki.

Sayar da makami a asalinsa halal ne, babu mai jayayya. Sahabi Abu Ƙatada ya samu sulke a shekarar yaƙin Hunaini, ya sayar, ya sayi gonar dabino a wajen Banu Salima, kuma Bukhari ya kawo wannan. Amma a kan babin da ya kawo shi ɗin ya ambaci cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini ya karhanta sayar da makami a lokacin fitina. Kayan ɗaya ne, hukunci biyu. Abin da ya raba su shi ne hannun da makamin zai faɗa.

Kai kuwa ba ka san hannun ba. Ba ka gan shi ba, ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙauyen ba sai a bakin wanda zai ci la'ada in ciniki ya faɗa. Ka tsaya ka yi tunani a kan kuɗin ma. Manomin da aka hana shi zuwa gona, aka kore masa shanu, wataƙila ya riga ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin fansa, ina ya samo ninkin kuɗin bindiga, har da na kafin alƙalami? Ruwa ba ya tsami banza. Mai ƙara kuɗi don kada a rubuta, ba bindiga kaɗai yake saye ba, yana sayen shirunka ne. Ban ce dillalin maƙaryaci ba ne, don ban halarta ba. Abin da na ce shi ne alamu uku sun haɗu a ciniki ɗaya, a garin da kowa ya san yadda makami yake bin hannun dillalai ya shiga daji.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna a kanka. Lasisi ba ya shiga gado. Takardar da ke hannunka izini ce da aka ba mahaifinka shi kaɗai. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma ake aiki da ita har yau, ta raba bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu. Akwai na amfanin kai, irin taku mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin harba-ka-ruga, waɗanda lamarinsu yake wajen Kwamishinan 'yan sandan jiha. Idan mai lasisi ya rasu, dokar ta ba wanda kayansa suke hannunsa kwana 14 kacal. Kai yau wata bakwai ke nan. Riƙe irin wannan bindiga ba lasisi yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. Ka ga kenan tun kafin a zo maganar sayarwa, zamanta a ɗakinka ma yana bukatar gyara.

Game da sayarwar kanta, dokar ba ta bambanta mai shago da mutumin gida ba. Ko kai dillalin makamai ne mai rajista ko ba kai ba ne, ba ka da izinin sayar da bindiga ko harsashi, ko miƙa su ga wani, sai ya nuna maka lasisin da ya ba shi damar riƙe ta. Dole kuma sunan kamfanin da ya ƙera ta da lambarta su kasance a jikinta, kuma su dace da abin da ke cikin lasisin mai sayen. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali a shekara 5 da suka gabata. Ka duba waɗannan sharuɗɗa da idon fiƙihu, ba za ka ga wanda ya saɓa wa Shari'a ba. Dukkansu suna komawa ga abu ɗaya, wato a san wanda aka ba makami. Shugaba yana da ikon ƙuntata abin da yake halal idan maslahar jama'a ta bukaci haka, kuma bin sa a irin wannan wajibi ne.

Yanzu maganar abokinka. Zan daɗe a kanta, domin ba shi kaɗai yake faɗinta ba, kuma tana da asali a littafi, shi ya sa take ruɗar mutane.

Gaskiya ne Imamu Shafi'i ya ce duk ƙulla cinikin da ya inganta a zahiri ba ya ɓata shi saboda tuhuma, kuma ya buga misali da takobi: mai sayen yana iya yiwuwa bai yi kisa da shi ba. Amma abokinka ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi. A wannan wurin dai Imamun ya ce yana ƙin mummunar niyyar da in an bayyana ta za ta ɓata cinikin. Damuwarsa ita ce kada alƙali ya riƙa warware cinikin mutane da zato. Wannan magana ce a kan ingancin ciniki a gaban kotu, kai kuma tambayarka a kan abin da za ka tarar ne a gaban Allah. Ciniki yana iya inganta mai shi ya yi zunubi, kamar yadda jama'a da yawa daga malamai suka ce game da mai ciniki bayan kiran sallar Juma'a. Shi ya sa manyan mazhabarsa da suka zo daga baya, irin su Nawawi, suka rinjayar da haramci idan mai sayarwa ya tabbatar inda kayan za su, kuma suka haɗa sayar da makami ga 'yan fashi da sayar da inabi ga mai yin giya.

Hanafawa sun ƙi a sayar wa wanda aka san ɗan fitina ne. Sun yi sauƙi ga wanda ba a san halinsa ba a cikin birni, kuma dalilinsu shi ne mafi yawan mutanen birni mutanen kirki ne. To wannan sauƙin na mutumin da ya tsaya a gabanka ne a kasuwa, kana ganinsa yana ganinka. Ba na wanda ya ɓoye fuskarsa ya aiko a ce kada a rubuta ba. Hambalawa sun fi kowa tsanani, a wurinsu cinikin ɓatacce ne idan an gane nufin mai saye, ko da ta alamu ne ba ta bakinsa ba. Mu kuma Malikawa, malamanmu sun faɗa ƙarara cewa haramun ne a sayar da makami ga wanda aka san yana nufin tare hanya ko ta da fitina tsakanin Musulmi, kuma toshe ƙofar ɓarna ginshiƙi ne a mazhabarmu.

Kwatanta bindiga da wuƙa kuwa bai tsaya ba. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya raba hanyoyin da ke kai wa ga ɓarna: akwai wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, akwai kuma wadda kowa ya yarda a bari, kamar shuka inabi, ko da wani zai iya matse shi ya yi giya. Ma'aunin shi ne me ya fi yawa a sakamakon abin. Wuƙar da aka saya a kasuwar Gusau yau, rinjaye shi ne albasa za ta yanka ko ragon suna. Bindigar da ta bar gari a ɓoye, ba takarda, ta hannun ɗan tsakiya, a kan ninkin kuɗi, kai da kanka ka san inda rinjayenta yake. Ba a jira sai mai saye ya ce "zan kashe mutum da ita" ba, domin babu mai faɗin haka. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Cewa kuma "laifin na mai saye ne" ya ci karo da faɗin Allah cewa kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. A giya ma ba mashayi kaɗai aka la'anta ba, har da mai sayarwa da mai ɗauka. Jinin mutum ya fi giya girma nesa ba kusa ba. Ka faɗa wa abokinka wannan cikin ladabi. Ɗalibi ne, ya karanta abu na gaskiya, sai dai ya ɗora shi a inda ba wurinsa ba. Ina yi masa nasiha ya ji tsoron ba da fatawa a kan abin da ya shafi jini.

Na san abin da zai tsaya maka a rai: idan fa da gaske manomin ne? Wallahi halin da mutanen ƙauyukanmu suke ciki yana hana ni barci, kuma kare kai da iyali haƙƙi ne, wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne. Amma ka tuna ko a watan Yunin 2022, da gwamnatin Zamfara ta kira jama'a su nemi bindiga don kare kansu, cewa ta yi a cike takarda ta hannun masarautu a nemi lasisi, kuma hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da ikon ba da wannan izinin. A 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. A farkon 2024 kuma aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, wato dakarun tsaron al'umma na jihar, waɗanda ke aiki ƙarƙashin kulawar hukuma. Mai bukatar kariya ta gaskiya yana da dagaci, yana da hakimi, yana da hanyar da zai bi a san shi. Mun kuma ga abin da makami ya yi a hannun wasu da suka ɗauke shi da sunan kare kai ba mai tsawata musu: an kashe mutane a kasuwa da kan hanya saboda kamanninsu ko harshensu, 'yan'uwansu suka dawo ɗaukar fansa a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko manomin na gaskiya ne, bindiga ba lasisi tana iya kai shi kurkuku, ko a ƙwace ta a hannunsa a daren farko ta koma daji. Lambar da ke jikinta kuwa sunan mahaifinka take ɗauke da shi a littafin hukuma. Duk ranar da aka tsince ta a wurin da aka zubar da jini, ƙofar gidanku za a fara bugawa, kuma sunan mamacin da ya riƙe ta shekaru da mutunci shi za a kira.

Ga abin da za ka yi. Kada ka ɗauki bindigar ka hau babur da ita, domin in aka tsayar da kai a shinge ba ka da abin faɗa. Ka fara zuwa da takardar lasisin da shaidar rasuwar mahaifinka, tare da lauya da wani dattijo na gidanku, ku sanar da hedikwatar 'yan sanda ta jiha, ku bayyana dalilin jinkirin. Su za su faɗa muku yadda za a kai ta ma'ajiyar makamai ta hukuma. Ka tabbatar an ba ka takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ka yi mata kwafi ka adana. Ka tambaye su a can matsayin ba da lasisi a yanzu. Idan daga baya aka samu mai saye da lasisinsa ya fito a kan wannan bindiga, ko dillalin makamai mai rajista, sai a yi ciniki a fili, a rubuta, a kafa shaidu biyu, kuɗin halal ne tsarkakakke. Kafin nan, ka cire harsashin ka ajiye shi daban, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibiya a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininta don kada ta soki wani, to ina ga bindiga a gidan da ke da ƙananan yara.

Sannan ka sani ba taka ba ce kai kaɗai. Kasancewarka babba bai ba ka ikon sayar da kayan gado ba tare da yardar sauran magada ba, kuma rabon ukun nan da ba su balaga ba sai waliyyinsu ko alƙali ya duba maslaharsu. Wata bakwai ya isa a ce an raba gado. Ka kira malamin da ya san rabon gado ko ku je kotun Shari'a a ƙididdige duk abin da mamacin ya bari, a biya bashinsa in akwai, a fitar da wasiyya. Mai yiwuwa a cikin sauran dukiyar a samu abin da zai biya kuɗin makarantar ƙannenka a wannan zangon, kuma ka je ka yi wa shugaban makarantar bayani, ka nemi a ɗaga muku ƙafa.

Idan dillalin ya ƙi karɓar kuɗinsa, ko ya fara yi maka barazana, kada ka yi jayayya da shi kai kaɗai. Ka mayar masa a gaban mai unguwa da shaidu, ka kuma faɗa wa lauyan da za ku tafi tare da shi duk abin da ya gudana tsakaninku.

Wallahu a'alam.