Me Ya Kai Gwamnati Cikin Cinikin Firiji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan wuta a Kano, sababbi da na hannu. Na ji cewa a Gana an hana shigo da tsofaffin firiji, wai suna shan wuta da yawa. Ni a ganina wannan katsalandan ne. Babu wanda ya tilasta mana barin jan ƙwan fitila, da mutane suka ga farin LED ya fi sauƙi da kansu suka koma. Me zai hana a bar kasuwa ta yi halinta a sauran kayan ma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a kan ƙwan fitila kana da gaskiya. Jan ƙwai mai wat 60, in yana kunne awa 6 kullum, zai sha yunit kusan 11 a wata. LED mai wat 9, da haske iri ɗaya, bai kai yunit 2 ba. A farashin naira 225 kowane yunit da aka ɗora wa 'yan Band A, wato layin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, wancan ya haura naira 2,400, wannan kuwa bai kai 400 ba. Ƙwan ba shi da tsada, kuma mai saye shi ne mai biyan wuta. A irin wannan ciniki ba a buƙatar doka, aljihu ya isa malami. Sai dai ka sani arahar LED ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Tarayyar Turai ta fara janye jan ƙwai daga kasuwa a 2009 ta kammala a 2012, Amurka ma ta yi tata dokar a 2007. Da manyan kasuwanni suka rufe wa tsohon ƙwai ƙofa, masana'antu suka zuba jari a sabon, farashi ya faɗi, mu a nan muka tsinci dami a kala.

Firiji daban ne. Kai ne shaida: in mutum ya shigo shagonka, yakan tambayi kuɗi, ya tambayi ko yana yin ƙanƙara da wuri. Sau nawa aka taɓa tambayarka yunit nawa yake sha a shekara? Ko an tambaya ma, da wuya kai kanka ka sani, don ba a gane wannan da ido. Tsohon firijin da ya gama aikinsa a Turai yana iya shan ninki biyu ko uku na sabo, kuma ba a kashe shi dare da rana. Mai saye ya ga araha a rana ɗaya, ya yi shekaru yana biyan bambancin bai sani ba. Kasuwa ba ta iya hukunta kayan da mai saye ba ya ganin aibinsa.

Akwai kuma inda mai zaɓen kaya daban, mai biyan wuta daban. Mai gidan haya zai sa na'urar sanyaya ɗaki mafi araha, tunda ɗan haya ne zai biya wutar. Shi kuma ɗan haya ba zai kashe kuɗi ya gyara gidan da za a iya tashinsa baɗi ba.

Abin da ya fi waɗannan girma a wurinmu shi ne mita. Miliyoyin masu amfani da wuta a Nijeriya ba su da ita, ƙiyasi ake kawo musu. Wanda za a kawo wa takarda iri ɗaya ko ya kashe fitila ko ya bar ta har rana tsaka, da wane dalili zai sayi firiji mai tsada don tsimin wuta? In ya sayi tsoho ma, a lissafinsa ya yi daidai. Haka tallafin man fetur ya yi shekara da shekaru yana ɓoye wa mutane ainihin kuɗin tayar da janareta, har aka cire shi a ƙarshen Mayun 2023, sai ga kowa yana neman sola da fanka mai caji. Ka ga ke nan gwamnati ta daɗe a cikin wannan kasuwa, kuma sau da yawa hannun nata ɓarnar wuta yake ƙarfafawa.

Ita Gana ba don sha'awa ta shiga ba. A 2007 ruwan madatsar Akosombo, wadda ke samar wa ƙasar wutar lantarki, ya ja baya, wuta ta yi ƙaranci. Gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta, tana karɓar jajaye, buƙatar wuta a lokacin da ta fi yawa ta ragu da megawat 124. Gina tashar da za ta ba da wannan adadi ya fi sayen ƙwayayen tsada nesa ba kusa ba. Wannan ribar ta ƙasa ce baki ɗaya, babu mai saye guda da zai sa ta a lissafinsa. Dokar hana shigo da tsofaffin firiji an yi ta a 2008, ta fara aiki a 2013, aka haɗa da takarda mai taurari da ake manna wa sabo don nuna tsimin wutarsa, da rangwame ga wanda ya kawo tsohonsa ya karɓi sabo.

Ba na cewa komai ya tafi daidai. An ci gaba da fasa-ƙwauri, kuma mai sayar da ƙanƙara da ba ta da kuɗin sabo, ba a taimake ta ba in an hana ta tsohon kawai. Shi ya sa ni na fi amincewa da takardar shaida fiye da hani. Takarda tana ƙara wa mai saye sani, ta bar masa zaɓinsa. Hani kuwa sai a kan mafi munin kaya, kuma sai in akwai rangwame ko biya kaɗan-kaɗan. Sannan duk dokar da ba a da ɗakin gwaji da ma'aikatan da za su tabbatar da ita, jabun takardu kawai za ta haifar. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Nijeriya, tana da ƙa'idojin shan wuta na fitilu da firiji da na'urorin sanyaya ɗaki, amma kai da ke kasuwa ka fi ni sanin ko kayan da ke shigowa suna bin su.

A shagonka kuwa, fara tambayar mai saye ko yana da mita mai kati ko yana kan sola. In ya ce e, nuna masa yawan yunit na shekara da ke jikin takardar sabon firijin, ku ninka da farashin layinsa, ku kwatanta da ninki biyu na wannan kuɗin a matsayin na tsohon. In layinsa mai tsada ne, sau da yawa za ku tarar rarar shekara biyu zuwa uku ta cike bambancin farashin.