Akwatin wutar kwamfuta mai wat 650 na arha, ko mai 550 na tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, ina haɗa bidiyon biki da na walima. Na tara kuɗi na sayi kayan haɗa kwamfutar tebur: firosesa Ryzen 5 5600, katin hoto RTX 3060, RAM mai giga 16, SSD ɗaya da hadis (faifan ajiya mai juyawa) ɗaya. Kes ɗin da na saya ya zo da akwatin wuta a ciki, an rubuta wat 650, kuma a ƙasan layin +12V an sa 22A. Wani abokina a Katsina ya ce in jefar da shi in sayi na Corsair mai wat 550. Ta yaya 550 zai fi 650? Kuma idan na sayi mai 1000 don in huta, ba zai shanye min man janareta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya yi gaskiya, kuma hujjar tana cikin tambayarka, a wannan 22A da ka karanto min.

Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira PSU, yana karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita ƙananan layuka uku: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Kwamfutocin da can sun fi dogara da layin 5 da na 3.3. Na yanzu kuwa firosesa da katin hoto, waɗanda su ne manyan maciya, duk daga layin 12 suke ci. Haka fankoki da injin da ke juya hadis. Masu akwatin arha sukan tara ƙarfin layukan nan duka, su ɗora abin da akwatin zai iya fitarwa na ƙiftawar ido kawai, sai su buga babbar lamba a jikin kwali. Kai kuma abin da ya dame ka shi ne layi ɗaya. Wannan 22A na nufin amfa 22 a layin bolt 12. Ninka bolt 12 da amfa 22, za ka samu wat 264. Wannan ne ainihin abin da akwatinka ya yi alkawarin bai wa firosesa da katin hoto, in ma ya cika alkawarin.

To yanzu mu lissafa cin kayanka. Ryzen 5 5600 an rubuta masa wat 65, amma idan aiki ya yi zafi yana kaiwa 76. RTX 3060 yana cin wat 170. Ka ga 246 ke nan tun ba mu taɓa madabod (babban allon da ake jona duk kayan a kai) da RAM da SSD da hadis da fankoki ba, waɗanda za su ƙara maka kamar 50 zuwa 60. Jimla kusan wat 300. Lokacin da kake fitar da bidiyon biki na awa biyu, firosesa da katin hoto suna aiki tare ba hutu, kuma katin hoto yakan yi wata irin fizgar wuta ta ɗan lokaci da ta wuce lambar da aka rubuta masa. A nan ne kwamfutar za ta mutu ba sallama, ka dawo daga sallar la'asar ka tarar aikin ya lalace. Akwati nagari mai wat 550 kuwa yana ba da kusan amfa 45 a layin 12 kaɗai, wato kusan ƙarfinsa duka. Kamfanin Nvidia mai ƙera katin da kansa wat 550 ya ba da shawara ga wannan katin. Idan kana da niyyar sauya kati nan gaba zuwa irin RTX 4070, wanda ke cin wat 200, sayi mai 650 nagari tun yanzu.

Mutuwar kwamfuta ma da sauƙi. Abin da nake tsoro da irin waɗannan akwatunan shi ne rashin kariya. Nagari yana da na'urorin da ke kashe shi idan wuta ta yi yawa, ko ta yi ƙasa, ko wayoyi suka haɗu, ko ya yi zafi. Za ka ga an jera su a kwali da gajerun haruffa kamar OVP, OCP, SCP da OTP. Na arha idan zai mutu ba ya mutuwa shi kaɗai. Na taɓa karɓar wata kwamfuta a shagona nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, akwatin ya yi ƙara ya tafi da madabod da hadis mai ɗauke da aikin mutane na wata uku. Mai ita ya yi tsimin 'yan dubbai ne a kan akwatin wuta bayan ya kashe dubban ɗaruruwa a sauran kayan. Ka ɗaga akwatin naka a hannu ka ji nauyinsa, in ya yi sakayau kamar gwangwanin madara to babu abin kirki a ciki.

Batun mai 1000, ba zai sha maka mai fiye da kima ba. Akwatin wuta abin da kayan ciki suka nema kawai yake ja, lambar jikinsa iyakarsa ce. Sai dai kuɗinka za ka ɓarnatar a kan ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba. Abin da ya shafi mai da batirin sola shi ne tambarin 80 Plus, wanda ke nuna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. Idan kayanka na cin 300, akwatin da ingancinsa ke kashi 85 cikin ɗari zai ja kusan 353 daga bango, mai kashi 90 kuma kusan 333. Tambarin yana da matakai: Bronze ya ishe ka. Gold ya fi, in aljihu ya yarda. Amma ka sani tambarin nan manna shi ake yi, jabu ma suna ɗauke da shi, don haka ka duba sunan samfurin a shafin kamfanin kafin ka biya. Corsair, Seasonic da Cooler Master duk suna da masu kyau.

Akwai abubuwan da suka shafi ƙasarmu da ba za ka gani a kwali ba. Nemi wanda aka rubuta 100–240V a jikinsa, domin shi ne ke jure wa ranar da aka kawo wuta mai rauni, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar. Idan na hannu ka samu daga Amurka, kuma ka ga wani ɗan jan makunni a bayansa mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani nan take. Zafin Afrilu da Mayu a Daura yana wuce digiri 40, kuma akwatin da ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi, shi ya sa nake son a bar rata mai yawa tsakanin cin kaya da ƙarfin akwati. Da hunturu kuma ƙura ke toshe fanka. Ka hure ta daga waje da abin hura iska. Kada ka kwance akwatin, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango. Kuma ka ɗaga kes ɗin daga ƙasa, kar ka ajiye shi kan kafet.

Tunda janareta kake amfani da shi, sa UPS a tsakani, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Ƙaramin nan mai 650VA ba zai ɗauke ka ba, domin abin da yake fitarwa bai kai wat 400 ba, kai kuma da allon kallo ka kusa wannan adadin. Nemi mai 1000VA zuwa sama, kuma in da hali wanda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinsa, saboda wasu akwatunan zamani suna kashe kansu daidai lokacin da UPS mai arha ya karɓi wuta.

Kafin ka biya, duba wayoyin: mai baki 24 na madabod, mai 8 na firosesa, da mai 6+2 na katin hoto, wanda galibin RTX 3060 guda ɗaya suke buƙata. Mai 8 na firosesa da na katin hoto suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, kar ka danna da ƙarfi in ya ƙi shiga. Idan kuma irin akwatin da ake cire wa wayoyi ka saya, yi amfani da wayoyin da ya zo da su kaɗai. Na wani kamfani ko sun shiga daidai, jerin wutarsu yana iya bambanta ya ƙona maka SSD.